Wuni Guda a Jigawar Jamusawa

Da son raina ne, da barci na sha ranar Asabar ɗin nan. Mako na biyar ke nan ina Hamburg wajen wani kwas, daga aji sai ɗaki, gajiya ta taru ta yi mini katutu. Amma mai masaukina, wani dattijo mutumin Damagaram da ya haura shekara ashirin a garin, wanda nake ce wa Kawu ko da yake harshe kaɗai ya haɗa mu, tun daren Juma'a ya riga ya yanke magana.

"Ɗan nan, wato ka zo Jamus ka kalli siminti ka koma gida ke nan? Gobe daji za mu. In ba yanzu ba kuwa sai baɗi, nan da mako biyu ya ƙare."

Na ce, "Kawu, mene ne zai ƙare?"

Ya ce, "Fure."

Ban tanka ba saboda girmansa, amma a raina na ce ikon Allah, mutum da furfurarsa zai yi sammako don kallon fure.

Wurin sunansa Lüneburger Heide, yana kudu da Hamburg. Heide sunan wani ɗan tsiro ne, kuma sunan filin da tsiron ya mamaye. Mutanen yankin suna da lissafi mai sauƙin riƙewa: daga 8 ga watan 8 zuwa 9 ga watan 9 yake fure, ko da yake ruwa da zafin shekara sukan ja shi gaba ko baya. Mu a makon ƙarshe na Agusta muka je. Jirgin ƙasa daga babbar tasha zuwa Buchholz bai ci rabin awa ba, daga nan muka hau bas ɗin da ke zagaya ƙauyukan yankin kyauta a wannan lokaci na shekara, ya sauke mu a Undeloh.

Abin da ya fara tarbata a ƙauyen warin kashin doki ne. Na lumshe ido sai na ji kamar ina barga ana shirin hawan sallah. Kekunan doki ne jere a bakin titi, dawakai ƙosassu masu kofato kamar akushi, ga tsofaffin Turawa suna hawa ɗaya bayan ɗaya. Ba a shiga tsakiyar yankin da mota, sai da ƙafa, ko keke, ko keken doki. Na dubi kujerun nan masu laushi, na dubi Kawu. Ya ce, "Wannan na tsofaffi ne." Shi da ya ba sittin baya.

Muka wuce wani tsohon coci da aka gina da duwatsun da ake tsinta a gona, hasumiyar ƙararrawarsa ta katako tana tsaye a gefe ita kaɗai, muka kama hanyar da ke da alamar harafin H fari a kan baƙi. Hanyar doguwa ce, kilomita 223 daga gefen Hamburg har garin Celle, masu ƙarfin hali suna ɗaukar mako biyu suna bin ta. Mu ɗan yanki muka gutsura, ta kwarin wani rafi da ake kira Radenbach.

Ban yi tafiyar minti goma ba na gane kuskurena. Takalmin ofis na sa, sau-ciki, don ni a tunanina duk ƙasar Jamus kwalta ce. Ashe rairayi ne, fari tas, mai laushi, irin wanda ƙafa ke nutsewa a ciki, irin na hanyar ƙauyenmu da ke kafe mashin da rani. Kowane taku sai ya cika mini takalmi. Kawu yana gaba da nasa mai igiya har idon sawu, bai ko waiwayo ba.

Sai itatuwa suka ƙare, fili ya buɗe.

Launin ne ba ni da sunansa. Ba ruwan hoda ba ne sosai, ba shunayya ba ne sosai, yana tsakani, kuma yana sauyawa duk lokacin da girgije ya gifta. Ya shimfiɗu ya hau tudu ya gangara kwari iyakar ganin ido, kamar mai rini ya shanya turame dubu a wuri guda. Jefi-jefi wasu itatuwa baƙaƙe-baƙaƙe masu tsini suna tsaye, Wacholder sunansu, sai kuma wata bishiya mai farin ɓawo can da can. Ga wani amo da na ɗauka na wayar lantarki ne, sai da na tsaya cik na gane ƙudan zuma ne, ko'ina, daga ƙasa amon ke tasowa.

Na tsuguna don in ga abin da kyau. Tsiron da ƙyar ya kai gwiwa. Ba ciyawa ba ce, ɗan itace ne, jikinsa a murɗe, busasshe, mai tauri. Ganyensa ƙanana ƙwarai, a manne da juna kamar ɓawon kifi. Furen kowane ɗaya bai wuce ƙwayar gero ba, sun jeru a jikin reshe ta gefe guda. In ka ɗauki reshe ɗaya ba abin kallo ba ne, yawansa ne ke ɗaukar ido. Jamusawa na kiransa Besenheide, wato heide na tsintsiya, don da shi kakanninsu ke ɗaure tsintsiya. Daga nan hali na ɗan manomi ya motsa, na sa yatsa na tona gindinsa. Baƙar ƙasa 'yar siririya a sama, ba ta kai kaurin tafin hannu ba. Ƙarƙashinta rairayi ne ruwan toka, sak tokar murhu, ruwan sama ya wanke duk wani abin amfani ya tafi da shi ƙasa.

Na ce, "Kawu, wannan ai jigawa ce da ta gaji. Ko kyauta aka ba Baba ba zai kai garma nan ba."

Ya yi dariya ya ce, "Yanzu ka fara gani."

Lallai kuwa. Wannan fure da mutane ke shigo jirgi don kallo, shi ne sabarar Jamusawa. Inda ƙasa ta mutu, komai ya ƙi, nan yake jin daɗi. A wurinmu in ka ga saura ta cika da sabara da tumfafiya ka san labarin gonar ba sai an faɗa maka ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka ci karo da garken. Ƙura muka fara hangowa, sai ga su sun ɓullo daga bayan tudu, a ƙiyasin idona sun haura ɗari uku, da 'yan awaki a cikinsu. Heidschnucke ake kiran irin tumakin, kuma sunansu hanyar da muke bi ta ci. Ba su kama ƙafar balami ko uda ba wajen girma. Jiki ruwan toka, gashi dogo yana reto kamar an yafa musu tsohon bargo, kai da ƙafafu baƙi wuluk, wutsiya guntuwa, matan ma da ƙaho. Baƙaƙe ake haifar 'ya'yan, sai a shekara ta biyu su rikiɗe. Ba sa tsayawa su ci wuri guda, suna tafe suna tsinkar kan tsiron, sai ka ji wani ɗan sauti ƙus-ƙus-ƙus yana ratsa fili.

Makiyayin na biye da karnuka biyu, da hula mai faɗin baki, da sanda doguwa mai ɗan cokalin ƙarfe a kai. Na ga amfanin cokalin nan take: wata tunkiya ta ware za ta yi nata wuri, ya ɗebo 'yar ƙasa da shi ya wurga gabanta, ta juyo. Kawu ya gaishe shi da "Moin", gaisuwar arewacin Jamus da ba ta da safe ba ta da yamma, suka taɓa hira, yana juya mini da Hausa. Mutumin ba mai yawan magana ba ne, kamar dai makiyaya a ko'ina. Ya nuna wani ɗan tsiron bishiya da bai kai taƙi biyu ba, ya ce wannan shi ne abokin gaba. In aka janye tumaki, cikin 'yan shekaru itatuwa za su rufe wurin, inuwa ta kashe heide. Tumakin na aske tsiron ya yi sabon toho, awakin kuma su ne maganin 'yan itatuwa, har ɓawo suke ɓarewa. Wacholder kaɗai ya gagare su saboda ƙayarsa, shi ya sa yake tsaye ko'ina. Rani da hunturu suna fita. Ya ƙara da cewa kerkeci ya dawo yankin shekarun nan, barci ya ragu.

Na sa Kawu ya tambaye shi ko a nan suke kwana. Amsar da ya bayar ita ce ta tsaya mini a rai har yau. Ya ce a'a, garke ake mayar da su, kuma da gangan ne, don kada su zubar da kashi da yawa a filin. Taki ɓarna ne a nan. In ƙasa ta yi ƙarfi ciyawa za ta taso ta danne furen.

Na ce Kawu ya sake tambaya, wataƙila bai ji daidai ba. Ni da na tashi ina ganin Baba yana aika dammunan gero da goro ruga bayan kaka, yana lallashi don a zo a kafa masa shanu a gona ko da mako biyu ne. Mu muna roƙon dabba ta kwana ta bar mana abin da ta ci. Su kuma suna biyan mutum albashi ya kwashe dabba da yamma don kada ta bar komai. Duk wahalar da ake sha a wurin nan, don ƙasar ta ci gaba da zama matalauciya ake shan ta.

Muna tafe Kawu yana warware mini sauran, abin da ya rage kuma na karanta a allunan da aka kakkafa a hanya. Ashe dajin da nake gani ba haka Allah ya bar shi ba, aikin hannun mutane ne. Da can kurmi ne. Tun dubban shekaru aka yi ta sara, ana ƙonawa, ana kiwo, har itatuwa suka ja da baya. Manoman yankin ba su da taki, sai suka ɓullo da wata dabara mai cin rai: su ɗauki fartanya mai faɗi su feƙe fatar ƙasa, tsiron da saiwarsa da 'yar baƙar ƙasar nan, su kai garke su shimfiɗa wa tumaki. In ta sha fitsari da kashi sai a kwashe a kai 'yar gonar da ke kusa da gida, a shuka Roggen, wani hatsi dangin alkama. Wurin da aka feƙe sai ya yi shekaru kafin ya farfaɗo, saboda haka gona ɗaya tana buƙatar fili ninki-ba-ninki da za a riƙa yi wa wannan fashi. Ana talauta daji don a ciyar da gona. Tunkiya ta ba da gashi da nama da taki, ƙudan zuma su ba da zuma da kaki, haka aka rayu ɗaruruwan shekaru, da ƙyar da jiɓin goshi.

A ƙarni na 19 tsarin ya rushe. Takin zamani ya zo, gashin tumaki mai laushi da araha ya shigo daga Ostareliya, auduga ta cika kasuwa, sukari ya kashe wa zuma ciniki. Aka bi filayen aka dasa itatuwan katako, wasu aka mai da su gonaki. Abin da ya rage yau ɗan ƙanƙanin kaso ne na abin da ke nan da.

Yadda ragowar ta tsira kuwa a Totengrund muka ji shi. Wani kwari ne mai faɗi kamar ƙwarya, kusa da ƙauyen Wilsede, ana tsayawa a bakinsa ta sama a leƙa, ba a yarda kowa ya sauka ba. Sunan na nufin wani abu kamar kwarin matattu. Wasu sun ce don ƙasarsa matacciya ce ba ruwa, wasu sun ce ta nan ake bi da gawa a da. Wacholder ɗaruruwa ne a ciki, dogaye da gajeru, shiru, kamar jama'a a filin idi ana jiran liman. A 1906 wani limamin coci na ƙauyen Egestorf, Wilhelm Bode, ya ji ana shirin yanka wurin a gina gidajen hutu, ya nemo kuɗi aka saye shi. A 1909 aka kafa ƙungiyar Verein Naturschutzpark a Munich, ta ci gaba da sayen filaye, a 1921 hukuma ta sa yankin cikin wuraren da doka ta kare. Har yau ƙungiyar ke riƙe da garkuna. Kuma tumaki kaɗai ba sa isa yanzu, domin iska da ruwan sama suna sauko da sinadarin naitirojin daga hayaƙin motoci da gidajen kiwo, wato taki na faɗowa daga sama ba a gayyace shi ba. Sai an sa injuna sun feƙe ƙasa irin yadda talakawan da suka yi da fartanya, a cinna wa wasu wurare wuta da hunturu bisa lissafi, 'yan sa-kai su bi suna tuge 'yan itatuwa da hannu.

Raina ya rabu biyu a bakin kwarin nan, ba zan ɓoye ba. Wurin yana da kyau, kyau na gaske. Amma na san wanda ya feƙe ƙasar nan da yunwa a cikinsa bai taɓa tsayawa ya yaba launinta ba, sai da jikokinsa suka ƙoshi aka gano kyanta. Na kuma tuna burtalin da ya ratsa bayan garinmu, wanda gonaki suka cinye kaɗan-kaɗan har ya koma siririn da saniya biyu ba sa jerawa, da rigimar da ke biyo baya kowace damina. A nan an zauna an yi lissafi an ga filin ba zai rayu ba sai da makiyayi. Na faɗa wa Kawu haka, ya ce in bar wannan magana sai mun zauna, azahar ta yi.

Muka sami wani benci a gefen hanya, muka yi alwala da ruwan gora, a tsimi. Na miƙe na fuskanci gabas yadda na saba, Kawu ya kamo kafaɗata ya karkata ni dama. A gida gabas da alƙibla kalma ɗaya ce a bakinmu, a nan kuwa Makka tana kudu maso gabas. Muka shimfiɗa rigunan sanyi a kan rairayi, don doka ba ta yarda a taka cikin furen ba, kuma ko ta yarda akwai kaska da wani maciji dangin kububuwa. Muna cikin raka'a ta biyu na ji takun mutane, suka rage murya, wata mata ta janye karenta suka zagaye mu.

Wilsede ƙauye ne da mazaunansa ba su wuce 'yan gomomi ba, baƙi kuwa sun ninka su sau nawa. Gidaje masu jinka, jinkar mai kauri sosai, ta sauko har kusan ƙasa, manyan itatuwa sun yi musu rumfa, titi na duwatsu da aka jera. Akwai wani tsohon gida da aka mai da gidan tarihi tun 1907, Dat ole Huus. Mutane da dabbobi rufi ɗaya suke kwana a irinsa, murhu a tsakar ɗaki ba mafitar hayaƙi, katakon sama ya yi baƙi ƙirin kamar madafin kakata. Ko'ina ana gasa naman tumakin nan, ƙanshi kamar ya ɗauke ni, amma ba mu san yankan ba, muka haƙura. Kawu ya sayo mana kek na Buchweizen, wata ƙwaya mai kusurwa uku da ita ma ba ta ƙin ƙasa maras ƙarfi, bayan ya tabbatar ba giya a ciki. Muka haɗa da kofi da dabinon da ya zo da shi.

A bayan ƙauyen na ga abin da ya sa na yi kabbara. Wata 'yar rumfa ce doguwa mai rufi, a ciki an jera kwanduna a kife, saƙar kara, an shafe su da kashin shanu. Amya ce, wallahi, irin wadda ake ɗorawa a kan gawo ko ɗorawa a wurinmu, sai dai tasu a kife take a kan katako. Har tumakin ma suna yi wa ƙudan aiki: in suna ratsa fili suna tsinka saƙar gizo-gizo da ke kama su. A nan na sayi kwalbar zuma ɗaya don Inna.

Daga ƙauyen muka hau Wilseder Berg. Berg dutse ke nan a Jamusanci, kuma shi ne wuri mafi tsawo a duk shimfiɗaɗɗiyar ƙasar arewa maso yammacin Jamus: mita 169. Da Kufena zai ji an kira wannan dutse da ya yi dariya. Tudun rairayi da tsakuwa ne da ƙanƙara ta turo ta tara a zamanin da ta lulluɓe arewacin Turai, kuma ita ta ɗauko manyan duwatsun da ke yashe a hanya tun daga ƙasashen Sikandinebiya. A sama akwai dutsen tunawa da Gauss, masanin lissafin da ya auna ƙasar Hanover daga kan tuddai irin wannan. In gari ya yi garau ana hango Hamburg, kimanin kilomita 40. Mun ga wani abu dishi-dishi, Kawu ya rantse ita ce.

Ina kallon wajen sai Heinrich Barth ya faɗo mini, Baturen matafiyin nan da ake kira Abdulkarim, wanda aka haifa a Hamburg a 1821, ya shiga Kano a 1851 ya rubuta kasuwarta da rininta da tufafinta. A zamaninsa matafiya tsine wa wannan fili suke yi, hamada suke kiransa, rairayi na kafe musu keken doki. Ya ƙetare Sahara ya je ya ga jigawarmu, alhali ga tasu nan a bayan gari.

Ba mu daɗe ba hadari ya haɗo daga yamma, iska ta taso mai sanyi, launin filin ya koma duhu kamar an sake tsoma shi a baba. Yayyafi ya kama mu a gangara. Kafin mu koma Wilsede diddigena na hagu ya yi bororo ya fashe, rairayi ya shiga, ina ɗingishi kamar agwagwa. Saura kilomita huɗu zuwa Undeloh. Kawu ya dube ni sama da ƙasa, ya je ya yi magana da mai keken doki, ya dawo fuska ba walwala.

"Hau, tsoho."

Haka na zauna tsakanin wasu tsofaffi mata biyu, an rufa mana bargo ɗaya a gwiwa, ɗayarsu ta buɗe jaka ta miƙo mini filasta ba tare da ta ce uffan ba.

Bayan wata biyu na isa gida na miƙa wa Inna kwalbarta. Zumar heide ja ce mai duhu, kuma ba ta zuba, a daskare take kamar kamu ya kwana, sai an juya ta da cokali take saki. Inna ta buɗe, ta kife kwalbar, ba abin da ya ɗigo. Ta dube ni.

"Nawa ka saya?"

Na faɗa mata, na juya mata shi zuwa naira. Ta yi salati, ta aika a kawo mata ashana. Ta tsoma kan tsinke ɗaya a ciki, ta ƙyasta, ya kama. Ta lakata ta ɗanɗana, ta ɗan yamutsa fuska don akwai ɗaci-ɗaci a ƙarshensa, ta sake lakata. Sannan ta rufe ta kai ɗaki ta sa a ƙasan adaka, inda jikoki ba sa kaiwa.